Saura Yara Uku

Ba a ci rabin tiren shinkafar ba Inuwa ya goge hannunsa da tsumma, ya ajiye wayarsa a tsakiyar ledar da aka shimfiɗa a ƙasa.

"Kowa ya saurara," ya ce. "Saƙon Malam ne."

Su takwas ne a ɗakin, an sauko daga Juma'a ke nan. Bakwai 'yan Kafin Marke ne, na takwas ɗin Buraima mutumin Maraɗi, wanda gadonsa ke saman na Inuwa. Ɗakin yana bayan rumbunan kaya na Sulay, inda manyan motoci ke jere, kuma duk da na'urar sanyi tana ta gurnani a jikin bango tun safe, zafin Riyadh na watan Yuni ya fi ƙarfinta. Gumi na bin wuyan kowa.

Ya danna wayar. Aka fara jin carar zakara daga nesa, sai tari, sannan muryar da ta koya wa bakwai daga cikinsu baƙi da wasali.

"Salamu alaikum, 'ya'yana da ke Saudiyya. Maiwada ne, hedimastanku. Ya aiki, ya zafi? To, an kawo mini takarda daga ofishin ilimi. Sun ce duk makarantar da ɗalibanta ba su kai arba'in ba, za a rufe ta a haɗe ta da babbar firamare ta Tudun Gawo. Nan da mako uku, ranar Litinin, za su turo mai ƙirga. Na buɗe rajista na ƙirga, na rufe, na sake buɗewa na ƙirga. Talatin da bakwai ne. Saura uku. Ba gini nake roƙo ba, ba alli ba. Yara nake roƙo. Duk wanda ya kwashe nasa ya kai gari, ya taimaka ya dawo mana da ko ɗaya ne. Allah ya yi muku albarka."

Saƙon ya ƙare. Ba wanda ya mayar da hannu cikin tire.

"Ni dai kun sani, nawa suna Kano," in ji Rabilu mai gyaran wuta, idonsa a kan farcensa. "Uwarsu ma in na ɗauko wannan magana sai ta kashe waya."

Wani ya ce nasa ba su isa shiga makaranta ba. Wani ya ce Allah ya kyauta. Aka yi ta Allah ya kyauta har ta zagaye ɗakin, kowa yana kauce wa kallon Ghali. Ghali direban tankar ruwa ne, kuma shekara biyu ke nan da ya gina gida a Tudun Gawo, ya kwashe iyalinsa daga ƙauye, ya sa 'ya'yansa a makarantar kuɗi. 'Ya'yan nasa kuwa uku ne cif.

Ghali ya miƙe ya fita wanke hannu. Inuwa ya bi shi. Famfon yana ƙarshen baranda, ruwan da ke fitowa daga ciki kamar daga kan murhu aka sauke shi.

"Zango ɗaya kawai, Ghali. Su zauna wurin kakarsu, a ƙirga da su."

"Sannan baɗi a sake ƙirgawa." Ghali ya yarfe hannunsa. "Ticha, ka san irin makarantar da kake so in mayar da su? Malami ɗaya, aji shida. Tsoho ya shiga aji ɗaya ya yi rubutu, ya fita ya shiga aji huɗu, kafin ya dawo na aji ɗayan sun watse bakin rijiya. Amir ɗina har ya kai aji uku a can bai iya karanta sunansa ba."

"Ai mu ma can muka yi."

"Mu da malamai biyar muka yi." Ya rufe famfon, ya juyo. Babu faɗa a muryarsa, gajiya ce kawai. "Sanda na kwashe yarana, malami nawa ne a makarantar? Ɗaya. Kafin nan fa? Biyu. To ina na biyun yake? Ga shi nan tsaye a Sulay yana yi mini wa'azi."

Ghali ya dafa kafaɗar Inuwa ya wuce.

* * *

Mutanen Kafin Marke da hannunsu suka kwaɓa ƙasar ajin farko, tun Inuwa bai zo duniya ba. Daga baya gwamnati ta ƙara musu gini na bulo mai aji uku da kwano. A nan ya yi firamare, a nan ya dawo da takardar shaidar malanta, ya riƙe alli shekara bakwai a ƙarƙashin Malam Maiwada. A lokacin in aka buga ƙararrawar safe, wato tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a jikin marke, yara fiye da ɗari da hamsin ne ke yin layi.

Ba rana ɗaya garin ya zube ba. Ƙasa ta gaji, samari suka fara fita: Legas, Abuja, Agadas, Saudiyya. Duk wanda ƙafarsa ta tsaya a waje, abu na farko da yake yi shi ne ya ɗauke matarsa da 'ya'yansa ya kai su inda akwai wuta da asibiti. Malaman da ake turowa kuma sai su zo su ga hanya, su sa hannu, su nemi canji. Shi ma Inuwa da albashi ya daina kai shi tsakiyar wata, aka ce ana neman direbobi a Riyadh, sai ya ce shekara biyu kawai zai yi. Ranar da ya je sallama, Malam Maiwada bai ce masa kada ya tafi ba. Ya karɓi mabuɗin aji, ya sa a aljihu, ya yi masa addu'a. Yau shekara shida ke nan.

Abu ɗaya da yake riƙe da shi yana kare kansa shi ne, shi bai kwashe nasa ba. Matarsa Turai tana Kafin Marke, 'yarsu Khairat tana aji huɗu a makarantar. A cikin talatin da bakwai ɗin nan akwai tasa.

Ranar Lahadi da sassafe ya fito da bas ɗin makarantar da yake tuƙa wa, wata makarantar kuɗi a unguwar Shifa. Yara ashirin da biyu yake ɗauka, kowanne a ƙofar gidansu, a cikin mota mai sanyi da labule. A gida na tara ya tarar an ajiye wata mota a bakin ƙofa, dole ya tsaya a ɗaya gefen layin. Yarinyar ta tsallako, taku bai fi goma ba. Kafin ya kai kwana wayarsa ta yi ƙara. Uwar ce, tana magana da sauri cikin Larabci: ta yaya zai sa yarinya ta taka a cikin wannan rana? In ya sake, za ta kai ƙararsa wurin mudir, shugaban makarantar.

"Hadir, madam," ya ce, wato ya ji. "Ba zan sake ba."

Ya kashe wayar yana ƙirga hanyar Kafin Marke zuwa Tudun Gawo a ransa. Kilomita takwas, ta cikin gonaki, da rafi a tsakiya wanda babu gada a kansa.

Makonni biyu ya yi yana kiran waya a cikin bas, tsakanin kai yara da ɗauko su. Ya kira na Jidda, ya kira na Legas, ya kira wani ɗan ajinsu da ke sayar da waya a Abuja wanda da ƙyar ya gane shi. Kowa ya yi jimami sosai. Wasu har suka tuna masa bulalar Malam suna dariya. Yaro dai ko ɗaya bai samu ba.

Buraima ne ya kawo shawara, wata la'asar suna shanya kaya a kan igiya.

"Mu a garinmu da aka zo rufe lakwal, makarantar bokonmu, aron yara aka yi. Aka je rugar da ke kusa aka ɗebo guda goma, aka sa musu riguna, aka zaunar da su. Mai ƙirga ya ƙirga ya tafi."

"Makarantar tana nan?"

"An rufe ta bayan shekara biyu." Buraima ya matse wandonsa. "Amma dai an samu shekara biyun."

Washegari Inuwa ya jira har sha ɗaya ta yi a Riyadh, lokacin da yara ke fita tara a gida, ya kira Malam Maiwada. Bayan doguwar gaisuwa ya kawo maganar a hankali, yana zagaye-zagaye, kamar ba daga bakinsa take fitowa ba. Yara uku ne kawai. Na yini ɗaya. Ba wanda zai sani.

Tsohon ya kira sunansa.

"Inuwa, wa ya koya maka cika rajista?"

"Kai ne, Malam."

"Na taɓa koya maka sa alama a gaban sunan yaron da ba ka gani ba?"

"A'a, Malam. Amma yanzu lalura ce."

"In na zaunar da yaran aro, yara talatin da bakwai za su zuba mini ido ina yin ƙarya. Sun san junansu, sun san wanda ba nasu ba. Shi ke nan darasin da zan bar musu?"

"Allah ya gafarta Malam, za a rufe ta fa."

"Na sani." Ya yi tari. "Na gaji, ɗana. Shekara shida ina gudu tsakanin aji shida, gwiwoyina sun ƙare. Da cewa ka yi kai ne za ka dawo, da na san an yi magana."

Inuwa ya dubi sitiyarin da ke gabansa. Ya tuna takardar da ya sa wa hannu wata uku da suka wuce ta ƙarin shekara biyu, da iƙamarsa, takardar zama a ƙasar, da aka sabunta, da bakuna nawa ke ci daga wannan kujerar da yake zaune a kai.

"Malam, aikin nan nawa…"

"Ban ce ka dawo ba. Faɗa kawai na yi. Bari in je, sun fara dambe a aji biyu."

* * *

Turai ce ta ba shi labarin ranar ƙirga. Ta ce tun da safe mata suka yi wa yara wanka, aka shafa musu mai, kamar ranar Salla. Malam Maiwada ya sa babbar rigarsa. Mai ƙirgan ya zo a kan babur wajen hantsi, wani saurayi mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gai da Malam. Ya shiga aji-aji yana nunawa da biro. Talatin da shida ya samu, don ɗaya na kwance da zazzaɓi.

"Ko minti ashirin bai yi ba, Baban Khairat. An kawo masa fura ma bai sha ba, ya ce akwai makarantu huɗu a gabansa."

"Malam ya ce wani abu?"

"Ya raka shi har bakin babur, ya ce ya gai da gida."

Takarda ta fito kafin hutun ƙarshen shekara. Daga watan Satumba, ɗaliban Kafin Marke ɗaliban Tudun Gawo ne. Takardar ta ce hakan zai ba su damar samun ƙwararrun malamai da ingantaccen muhallin karatu. Ba ta ce komai game da hanya ba. Shi kuma Malam Maiwada aka ce ya jira takardar ritayarsa a gida.

Da aka koma makaranta, Inuwa ya zama mai agogo biyu a kai. Ƙarfe takwas a Riyadh, ya gama sauke yaran Shifa ya ajiye bas a inuwa, shida ke nan a gida: Khairat ta fito da ɗumamen tuwo a ciki da jaka a baya. Tara a nan, sun kai gonar mai unguwa. Tara da rabi, suna bakin rafi. Daga nan sai ya kasa zama, ya fito ya yi ta goge gilashin da ba shi da datti.

Makon farko yara ashirin da huɗu ne suka tafi, a ayari, manya na riƙe da hannun ƙanana. Mako na biyu 'yan aji ɗaya da aji biyu suka sare, ƙafafunsu ba za su iya ba. Mako na uku aka fara cire wake, iyaye suka ce wanda zai yi tafiyar awa huɗu a rana gara ya yi ta a gona. Kafin wata ya cika, saura su bakwai, mace ɗaya a ciki.

Ranar wata Asabar ya same ta a waya.

"Ya makaranta, uwata?"

"Lafiya lau, Baba."

"Me aka koya muku?"

"Kullum in mun je an gama lissafi. Sai a tsayar da mu a bakin ƙofa a yi mana bulalar makara, sannan mu shiga."

"Ba ku gaya musu daga inda kuke ba?"

"Sun sani. Ai 'yan Marke ake ce mana." Ta ja hanci. "Baba, mu ɗari da wani abu ne a ajin. A baya muke zama, a ƙasa. Ba na hango allo. Malamar ma ba ta san sunana ba, 'ke mai jan hijabi' take cewa."

"Ki yi haƙuri, za ta sani."

"Malam Maiwada ya san sunan akuyata ma."

Ya yi dariya don ta ji ya yi, sannan ya ce ta ba uwarta wayar. Turai ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Ba ta gaya maka na ranar Alhamis ba ko? An yi ruwa a gabas, rafi ya kawo suna hanyar dawowa. Har ƙirji ya kai mata. Jakar ta ɗora a ka, takalminta ɗaya ya tafi. Da ba don wani mai shanu ya miƙa mata sanda ba, da yanzu wata maganar muke yi. Baban Khairat, ban taɓa yi maka musu a kan zaman garin nan ba. Da matan abokanka suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ban ce maka komai ba. Amma wallahi ba zan sake tsayawa a ƙofar gida ina kallon hanya ba. Ko dai ta zauna a gida kamar sauran, ko ka san yadda za ka yi da mu."

Bai yi mata alkawarin komai ba. Kwana uku yana kai yara yana ɗauko su da maganar a ƙirjinsa. In ya ɗauke Khairat, yaran nan shida da suka rage ba za su kai ƙarshen zango ba, ya san haka, don ita ce ke bi gida-gida tana tashin su. In ya bar ta, ya san abin da rafi ke iya yi. In ta zauna a gida, to me ya kawo shi ƙasar mutane yake tuƙa 'ya'yan wasu zuwa makaranta?

Ranar Laraba da azahar ya hango tankar Ghali a bakin wani kanti a Sulay. Ya tsaya. Ghali yana zaune a inuwar motar yana shan shayi a kofin takarda. Suka gaisa. Inuwa ya yi magana yana kallon tayar motar.

"A unguwarku can Tudun Gawo… ana samun ɗaki da falo?"

Ghali ya ɗago ya dube shi. Inuwa ya shirya wa duk abin da zai faɗa, ya san ya cancanta. Amma Ghali kawai ya matsa ya ba shi wuri a inuwar.

"Akwai na bayan gidana, mai shi ɗan'uwan matata ne. Zan kira shi yau." Ya miƙa masa kofin. "Sha. Ba daɗi ke sa mu yi ba, Ticha."

* * *

A cikin watan Nuwamba aka ɗora kayan Turai a kan a-kori-kura: gado, tukwane, buhun gero biyu, da akuyar Khairat a ɗaure a baya. Turai ta ce da suka zo wucewa ta gaban makarantar, yarinyar ta juya fuskarta ɗaya gefen.

Sai da komai ya kammala sannan Inuwa ya iya kiran Malam Maiwada. Ya fara da ba da haƙuri, tsohon ya katse shi.

"Ka yi daidai. Da ni ne ma haka zan yi. Ka ce mata ta riƙa zama a gaba, idonta na hagu ba shi da ƙarfi, ban sani ba ko kun lura."

Ba su lura ba.

"Sauran yaran fa, Malam?"

"Suna nan. Ina ganinsu a gona, suna gaishe ni. Mai unguwa ya karɓi mabuɗan. Ya ce tunda ɗakunan na zaune haka nan, gara a yi amfani da su. Za ka so hoton ajinka, ko? Zan sa a ɗauka a turo maka."

Hoton ya iso ranar Alhamis, Inuwa yana cin abincin rana shi kaɗai a bakin gadonsa. Ya ajiye cokalin.

Ajinsa ne, ya gane tagar da ba ta rufuwa. Babu benci ko ɗaya. An jera buhunan wake tun daga bango har tsakiyar ɗaki, an yi musu kan gado da kyau, an yayyafa maganin ƙwari a ƙasa. Allon yana nan a inda yake, ba wanda ya goge shi. A sama, da rubutun Malam Maiwada mai tsabta, akwai kwanan watan ranar ƙarshe, an ja masa layi. A ƙasansa aikin aji ne, tambaya ɗaya: Rubuta sunan garinku.

Wani yaro ya fito ya amsa, don ana ganin kawunan haruffansa, manya, a karkace. Inuwa ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton iyakar buɗuwarsa, ya kawo wayar kusa da fuskarsa. Buhunan sun rufe sauran.